Wata Uku Da Zanen Lowry Ya Yi A Bolton

Albarkacin Jay-Jay Okocha yawancinmu muka san akwai wani gari a Ingila wai shi Bolton. Tsakanin 2002 da 2006, ranar Asabar gidajen kallon ƙwallo na Kaduna ba masaka tsinke, kowa na jiran ya ga abin da Okocha zai yi wa 'yan baya. Filin da muke gani a talabijin a wancan lokacin Reebok ne, can bayan gari wajen Horwich. Sai da rabo ya kawo ni garin, na kama aiki a wani gidan kula da tsofaffi, sannan na fahimci cewa a wurin dattawan Bolton wannan filin baƙo ne. Nasu filin shi ne Burnden Park da ke kan titin Manchester, inda kulob ɗin garin, Bolton Wanderers, ya yi wasa daga 1895 har 1997. An rushe shi tuni. Yanzu kantin Asda ne a wurin da filin ajiye motoci, kuma yaron da aka haifa bayan nan zai iya yin cefane a ciki duk rayuwarsa bai san mutum sama da dubu sittin sun taɓa tsayawa a inda yake tura keken kayansa ba.

A cikin abubuwan da ake tunawa da filin da su, babu wanda ya yi suna kamar wani zane da L. S. Lowry ya yi a 1953, mai suna Going to the Match, wato tafiya kallon wasa. Lowry ɗan wannan yanki ne. An haife shi a Stretford a 1887, ya yi kusan shekara arba'in yana zaune a Pendlebury, tsakanin Bolton da Manchester. Wani kamfanin gidajen haya ya yi wa aiki daga 1910 har ya yi ritaya a 1952, yana bin unguwannin ma'aikatan masaƙa ƙofa-ƙofa yana karɓar kuɗin haya, zane kuwa sai dare ya yi. Bai so jama'a su san da wannan aikin nasa na rana ba, amma shi ne ya sanar da shi lunguna da mutanen da ya ƙare rayuwarsa yana zanawa. A 1953 hukumar ƙwallon ƙafa ta Ingila ta cika shekara 90, ta shirya gasar zane a kan ƙwallo, Lowry ya shiga da wannan zanen, ya kuma kasance cikin waɗanda suka raba kyautar farko. Shi kansa magoyin bayan Manchester City ne, amma filin Bolton ya zana.

Mazaunin zanen na dindindin shi ne cibiyar The Lowry da ke Salford, a bakin tsohuwar tashar jiragen ruwa. A 2023 cibiyar ta ba gidan tarihin Bolton aronsa daga ƙarshen Maris zuwa Yuni, don bikin cika shekara 100 da Bolton Wanderers ta ci kofin FA a wasan ƙarshe na farko da aka buga a Wembley, inda ta doke West Ham da ci 2 da nema. Wannan aron na wata uku shi ne ya sa nake rubutun nan.

Cikin azumi na fara zuwa ni kaɗai, bayan na tashi aikin safe. Na sha ganin zanen a jikin kofin shayi da kalanda da katin gaisuwa, don haka abin da ya fara kama ni shi ne ƙanƙantarsa. Tsayinsa santimita 71 ne, faɗinsa 91 da ɗoriya. Babu ƙwallo a cikinsa, babu ɗan wasa ko ɗaya, babu ciyawa. Mutane ne kawai suke kwararowa ta ko'ina suna nufar ƙofofin shiga, kowa ya ɗan sunkuya gaba cikin doguwar kwat, hula a ka, wasu a layi, wasu suna sauri kada a fara ba su. Can baya ga gidajen ma'aikata a jere, ga bututun hayaƙin masana'antu. Sama fari-fari, ƙasa fari-fari, kuma ba ka ganin inuwar kowa. Launi biyar kacal Lowry yake aiki da su: baƙi, fari, ja, shuɗi da wani rawaya mai ƙasa-ƙasa. In ka matsa kusa sai ka ga farin ba fari ba ne sosai, shekaru sun mayar da shi ruwan madara, fentin yana da kauri a wasu wuraren, kana ganin sawun buroshi da inda aka karce shi. Turawa suna kiran mutanen zanensa 'yan tsinken ashana saboda sirantarsu, amma a kusa kowane ɗaya da irin tafiyarsa. Akwai mai ƙiba, akwai wanda ya juya yana neman abokinsa, akwai waɗanda suka tsaya hira a tsakiyar hanya. Babu kalandar da ta taɓa nuna mini wannan.

Ni kuwa ina tsaye a gabansa Kakuri na tuna. Mahaifina ya yi aiki a ɗaya daga cikin masaƙun da ke can, kuma ina yaro na sha tsayawa a bakin titi lokacin canjin aiki, jiniya ta yi kuka, ƙofa ta buɗe, maza su ɓarko a ƙafa da kan keke, duk fuskarsu guda ta gajiya da saurin isa gida. Haka mutanen Lowry suke tafiya. Alaƙar ba a idona kawai take ba. Masaƙar farko ta Kaduna, KTL, wadda ta fara aiki a 1957, gwamnatin Jihar Arewa ta kafa ta ne tare da kamfanin David Whitehead na nan Lancashire, kuma tun kafin nan ƙungiyar bunƙasa noman auduga ta BCGA da aka kafa a Manchester a 1902 ita ce ta dasa injinan gurzar auduga a Zariya da Funtuwa da sauran garuruwanmu. Masaƙun Lancashire sun mutu, na Kakuri ma sun bi bayansu.

Bayan Sallah wurin aikinmu ya shirya kai wasu daga cikin tsofaffinmu gidan tarihin. A cikinsu akwai wani dattijo da ya haura tamanin, cutar mantuwa ta ci ƙarfinsa. Kullum da safe sai na sake gaya masa ko ni wane ne. Wani lokaci 'yarsa ta zo ya ɗauke ta ma'aikaciya. Na tura kekensa har gaban zanen, ya yi shiru ya daɗe, har na zaci barci ne ya ɗauke shi. Can sai ya ce, "Yaro, matsar da ni kusa." Na dubi mai gadin ɗakin, ta gyaɗa kai, na matsar da shi har bakin layin da ba a tsallakewa. Ya ɗaga yatsa yana rawa ya nuna wani gefe ya ce ta nan suke shiga shi da babansa. Daga nan magana ta ɓalle. Ya ce ranar Asabar masaƙa rabin yini take yi, babansa ya dawo ya wanke fuska, su ci abinci a tsaitsaye su bi titin Manchester a ƙafa. Ya ce in fili ya cika, manya kan ɗaga yara su riƙa miƙa su ta saman kawuna har su kai su gaba inda za su iya gani. Ya kira sunan Nat Lofthouse sau uku, ya lissafo wasu 'yan wasan da ban taɓa ji ba. Wata tsohuwa da ba tamu ba ce, ta zo da jikarta, ta matso ta tsoma baki, suka shiga gardamar wace mashaya ce ke kusa da ƙofar filin. A duk zamana da shi ban taɓa jin ya haɗa jimla biyar a jere ba sai ranar.

Sai kuma muryarsa ta sauka. Ya ce akwai ranar da babansa ya je ba shi, ya dawo da dare ba hula, takalmi ƙafa ɗaya, uwarsu tana tsaye a ƙofa tun la'asar. Ranar da yake nufi kowa a Bolton ya san ta: 9 ga Maris 1946, wasan kofin FA da Stoke City, shahararren ɗan wasa Stanley Matthews yana cikin baƙin. An ƙiyasta mutum 85,000 ne suka cusa kansu filin. Aka yi turmutsutsu a gefen da ke jikin layin dogo, ƙarafunan tsare jama'a suka karye, mutum 33 suka mutu, ɗaruruwa suka jikkata. Aka jera gawarwaki a gefen fili aka rufe su da kwat, sannan aka ci gaba da wasa har aka tashi ba ci. Shekara bakwai kacal bayan haka Lowry ya zana jama'a suna tururuwa zuwa wannan filin. Baƙon da ya ga zanen a wani gari zai ga nishaɗin ranar Asabar ne kawai. Ɗan Bolton yana ganin nishaɗin, yana kuma ganin wancan.

Daga Bolton zuwa Salford bai fi mil goma sha biyu ba, kuma shiga ɗakunan zanen The Lowry kyauta ne. Don haka wani zai ce, to mene ne na ɗauko zane a kawo shi, wanda yake so ya je can mana. Mai faɗin haka bai taɓa fita da tsofaffi ba. Kafin mu kai irin wannan dattijon Salford sai an samo mota mai ɗaga keken guragu, a ware ma'aikata, a lissafa lokacin magani da na banɗaki, a yi fama da cunkoson hanya zuwa da dawowa, kuma mai mantuwa in tafiya ta yi tsawo rikicewa yake yi kafin a isa. Wannan tafiyar ba za a ma amince da ita ba. Gidan tarihin Bolton kuwa yana tsakiyar gari a Le Mans Crescent, gini ɗaya da laburare, 'yan mintuna ne daga wurinmu. Haka abin yake ga uwa mai yara uku da ba ta da mota, da ajin firamaren da makarantarsu ba ta da kuɗin hayar bas, da mutumin da bai taɓa jin cewa gidan zane wurin irinsa ba ne amma yana shiga laburare. Zanen ya yi shekara 22 a Salford yana rataye, kuma da yawa daga mutanen da iyayensu ke cikinsa ba su taɓa ganinsa ba sai da ya zo musu.

Wani abin da mutane da yawa ba su sani ba sai a 2022 shi ne, a duk waɗannan shekarun 22 ɗin, ita ma Salford aro take riƙe da shi. A Disambar 1999 ƙungiyar ƙwararrun 'yan ƙwallon Ingila, PFA, ta saye shi a gwanjo kan fam miliyan 1.9. Shugabanta na lokacin, Gordon Taylor, tsohon ɗan wasan Bolton ne. Da aka buɗe The Lowry a 2000 sai suka ba da shi aro na dogon lokaci, aka rataye shi tare da sauran ayyukan Lowry da birnin Salford ya tara, har kowa ya saba, ana ganin na gida ne. Rana ɗaya gidauniyar 'yan wasan, wadda zanen ke hannunta, ta ce za ta sayar. Aka sauke shi daga bango aka kai Landan. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara, a watannin nan mutanen Salford da Bolton sun ga haka ƙuru-ƙuru. Magajin garin Salford, Paul Dennett, ya yi ta roƙon masu hali da manyan 'yan ƙwallo su sa hannu, don tsoron kada wani attajiri ya saye shi ya rufe a falonsa ko ya fita da shi ƙasar. Ranar 19 ga Oktoba 2022 aka yi gwanjonsa a Christie's, ya tashi a fam miliyan 7.8. The Lowry ce ta saya, da kuɗin da gidauniyar iyalin Andrew Law, wani mai harkar zuba jari ɗan yankin Manchester, ta ba ta kyauta. Da wannan mutum ɗaya bai buɗe aljihu ba, da ba a yi maganar Bolton ba sam.

Na ba wani abokina wannan labarin bayan sallar Juma'a, mutumin Katsina ne, tasi yake tuƙawa. Ya saurare ni har ƙarshe ya ce, "Malam, fam miliyan bakwai da ɗoriya a kan ƙyalle da fenti? A garin da ake layin karɓar abincin sadaka?" Ban raina maganarsa ba, don layin da yake faɗa ina ganinsa. Ita ma gidauniyar da ta sayar ba na ganin baƙinta kamar yadda wasu suka gani. Ta ce kuɗin take buƙata don taimaka wa tsofaffin 'yan wasa, ciki har da masu fama da mantuwa, ni kuwa na san abin da kula da mai mantuwa yake ci a wata guda. Amma kuɗin da mai zane zai tsaya a kai ba ni da abokina muke yanke shi ba, kasuwar masu kuɗi ce ta duniya. Abin da ke gabanmu a ranar gwanjon shi ne ko zanen ya koma bangon da kowa zai iya tsayawa a gabansa, ko ya shige inda ba mai sake ganinsa. Na ce masa, "Alhaji, ka zo mu je ka gani kafin a mayar da shi." Ya zo da ɗansa. Bai ce ya canza ra'ayi ba, har yau yana ganin kuɗin sun yi yawa, amma ya daɗe yana nuna wa yaron inda kantin da suke cefane yake a cikin zanen.

Abin da ya fi burge ni shi ne abin da The Lowry ta yi bayan zanen ya zama nata. Wanda ya sha wuya kafin ya mallaki abu yakan ƙanƙame shi. Su kuwa 'yan watanni da dawowarsa suka aika shi Bolton, sannan daga ƙarshen 2023 suka sa shi zagayen garuruwan arewa maso yammacin Ingila da tallafin hukumar raya fasaha ta ƙasar: Oldham, Blackpool, Birkenhead, gidan tarihin ƙwallon ƙafa na Manchester, sai Bury. Blackpool tana da nata dalilin, don a shekarar da aka yi zanen ita ce ta doke Bolton da ci 4 da 3 a wasan ƙarshe na kofin FA, wasan da har yau ake kira da sunan Matthews, wanda a lokacin yake buga wa Blackpool, duk da cewa Stan Mortensen ne ya ci uku.

Bury kuwa labarinta ya fi taɓa ni. Garin ya taɓa mallakar nasa zanen na Lowry, A Riverbank, wanda aka saya a 1951 kan fam 175. A 2006 majalisar garin ta shiga matsin kuɗi, ta kai shi gwanjo, aka saye shi kan fam miliyan 1.4 aka cike giɓin kasafi da kuɗin. Ƙungiyar gidajen tarihi ta Birtaniya ta kore su, aka janye wa gidan zanen garin takardar amincewa. Kuɗin sun shige cikin hidimar shekara guda, zanen kuma ya tafi ke nan. A 2019 aka kori kulob ɗin Bury daga gasar ƙwararru saboda bashi, a daidai lokacin da ita ma Bolton Wanderers ta tsallake rijiya da baya. Garin da ya rasa zanensa ya kuma rasa kulob ɗinsa na wani lokaci, a ce an kawo masa zanen jama'a suna tafiya kallon wasa, ko da na 'yan makonni ne, ni a wurina ba ƙaramin abu ba ne.

Aron zane ba kamar yadda na ɗauka da farko yake ba, a ciro daga ƙusa a sa a mota. Na tsaya hira da wata ma'aikaciyar gidan tarihi, na kuma bi diddigin yadda ake yi. Mai neman aro yakan rubuta tun da watanni, wani lokaci shekara guda kafin lokaci, ya cike takardar bayanin gininsa: ƙofofi, ƙararrawa, masu gadi, tanadin gobara, ma'aunin zafi da danshi na watannin baya. Masu gyaran zane su duba shi da fitila su rubuta duk tsaga da duk ɓamɓarewa kafin ya tashi, a sake dubawa in ya isa, a kuma sake in zai koma. Ana ƙera masa akwatinsa na kansa mai soso a ciki, a ɗauke shi a motar da ake daidaita zafinta, ma'aikacin masu zanen yana tare da shi. In ya isa ba a buɗe akwatin nan take, sai ya kwana ya saba da iskar ɗakin. Haske ma a ƙayyade yake, don yana cin launi a hankali, kuma abin da aka zana a takarda ya fi na fentin mai rauni nesa ba kusa ba.

Babban cikas shi ne inshora. Ƙaramin gidan tarihi na ƙaramar hukuma ba zai iya biyan kamfani kuɗin inshorar zanen miliyoyin fam ba. Abin da ya buɗe wannan ƙofar a Birtaniya wata doka ce ta 1980, wadda ta ba gwamnati dama ta tsaya a matsayin mai lamuni: in kayan aro ya lalace ko ya ɓata ita za ta biya, mai aro ba ya biyan kamfani komai. Sharaɗin shi ne gini ya cika ƙa'ida, danshi da zafi su tsaya cikin iyakar da aka ƙayyade, kuma kada su riƙa hawa da sauka da sauri, don ƙyalle da katako suna kumbura suna tsukewa, fenti ya tsage. Tun 2017 kuma akwai asusun Weston da ƙungiyar Art Fund ke gudanarwa, wanda ke biya wa ƙananan gidajen tarihi kuɗin sufuri da gyaran ɗaki don su iya aro daga manya.

Dalilin da ya sa duk wannan wahalar ta cancanta yana cikin lissafi guda. Da ƙungiyar da yanzu ake kira Art UK ta bi ƙasar lungu-lungu tana ɗaukar hoton zane-zanen fentin mai da ke hannun hukuma, ta samu sama da 200,000, kuma kusan kashi 80 cikin 100 ba sa kan bango, suna sito. Na jama'a ne, da harajinsu ake ajiye su, amma ba sa ganinsu. Manyan gidajen Landan sun fara jin nauyin haka. A Mayun 2024, da National Gallery ta cika shekara 200, ta raba goma sha biyu daga fitattun zane-zanenta ga garuruwa goma sha biyu a lokaci guda. Kafin nan, da Tate ta sayi zanen majami'ar Salisbury na John Constable a 2013 kan fam miliyan 23.1, an yi yarjejeniya tun farko cewa zai zagaya, har ya je Salisbury ɗin kanta aka rataye shi a gidan tarihin da ke daura da ginin da aka zana. Duk aro yana da amfani, amma irin wannan na ƙarshen, wanda ke mayar da zane wurin da ya fito, shi ne ya fi kwanta mini.

Wannan ne ya sa na kasa daina tunanin gida. A Oktoban 2025 Tate Modern ta buɗe baje kolin zane-zanen Najeriya na ƙarni na ashirin a Landan, kusan duk kayan aro ne daga wurare daban-daban. A ciki akwai ayyukan ɗaliban da suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya a 1958, irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, da tukwanen Ladi Kwali wadda ke bayan takardar naira 20. Akwai kuma zanen mahayan Fulani da Jimo Akolo ya yi a 1962, shi ma a Zariya ya yi karatu ya kuma koyar. Gidan tarihin Bristol ne ke da shi, su suka ba Landan aro. Na yi murna da aka fito da shi aka nuna wa duniya. Amma mutanen da za su dube shi su gane linzami da sirdi da naɗin rawani, su yi gardama a kan ko wane gari ne, suna Zariya da Katsina da Bauchi. Ina fatan ranar da za a rataye irin wannan a Gidan Arewa da ke Kaduna ko Gidan Makama a Kano, ko da wata uku ne. Na kuma san ba da fata ake samunsa ba. Babu mai ba da zanensa aro zuwa ɗakin da hunturu zai busar da shi ƙayau damina ta jiƙa shi, wuta kuma tana zuwa tana ɗaukewa. Ɗaki ɗaya tak ake buƙata don farawa, mai wutar sola da na'urar daidaita danshi da gadi na gaskiya, da wata hukuma da za ta tsaya lamuni. Kuma ba sai an fara da Bristol ba. Akwai zane-zanen Arewa da yawa a hannun jami'o'i da bankuna da masu tarawa a Legas da Abuja waɗanda mutanen da aka zana ba su taɓa gani ba.

Dattijon nan namu ya rasu a hunturun da ya biyo baya. 'Yarsa ta zo kwashe kayansa, na ba ta labarin ranar gidan tarihi, ta ce labarin hular da takalmin ita ma ba ta taɓa ji ba, don kakanta bai taɓa yarda a tayar da maganar 1946 a gida ba.

Zanen ya gama zagayensa ya koma Salford, kuma can ya dace ya zauna, su suka yi fafutukar ceto shi. Amma da za a tambaye ni, da na ce a rubuta a takarda cewa duk bayan 'yan shekaru zai riƙa zuwa Bolton, a kuma daidaita zuwan da watan Maris, lokacin da garin ke tunawa da mutum 33 ɗin nan. Gidan tarihin ya riga ya nuna zai iya riƙe shi lafiya. Yaran da aka miƙa ta saman kawuna a Burnden Park a 1953 duk sun doshi tamanin ko sun haura, kullum kuma raguwa suke yi a ɗakunan da nake aiki. In za a sake ba da aron, kada a jira sai wani bikin shekara ɗari.